Auta Ta Ce Ta Ji

Injiniya ba injiniya ba ne. Mai gyaran rediyo ne da lasifika da fanka, a wani ɗan shago na bakin titi tsakanin mai aski da mai faci. Wani ne ya taɓa kiransa da sunan cikin raha, ya amsa, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya cire sabon abu ya sa tsoho, ba ya riƙe kayan mutane ya yi ta ce musu gobe. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: ba ya iya jure a tausaya masa. Ya gwammace a zage shi da a dube shi a ce, "Allah sarki."

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama, ya tafi da jinta gaba ɗaya. Kurma ce. Likita ya faɗa, uwarta ta yi kuka ta karɓa, yayyenta sun sani, maƙwabta sun sani. Injiniya kaɗai ne bai taɓa furta kalmar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ɗan nauyin kunne ne, yana sauƙi."

Mai aski, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya taɓa ce masa, "Injiniya, kai da kake sa matacciyar lasifika ta yi ihu, ka ɗan buɗe yarinyar nan ka duba mana, ko wata waya ce ta tsinke." Aka yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya daɗe yana zuwa aski wata unguwa.

Daga wannan baƙar maganar ya ɗauki wata shawara. Ya lura cewa babba ba ya yi wa yaro magana ya rufe baki sai ya ƙare da "kin ji?" ko "ka ji?", kuma yaron da bai amsa ba, nan take ake gane akwai abin da ke damunsa. Sai ya riƙa zaunar da Auta a kan bencin shago, ya ɗora yatsunta a maƙogwaronsa, ya sa ta kalli bakinsa. Ya nuna mata yadda leɓe ke buɗewa a kan "kin ji", ya nuna mata abin da za ta mayar. Da yake ta fara magana kafin ciwon ya same ta, akwai sauran murya a cikinta. An sha wahala, an sha hawaye, alawa ta ƙare ba adadi. Amma ran nan Auta ta ɗaga kai, ta gyaɗa shi, ta ce "Na ji" tsaf, ba gargada, kamar kowace yarinya.

Injiniya ya yi farin cikin da bai yi ba ranar da ya buɗe shagonsa. Ya kira mai aski da kansa. "Auta, ki gaida babanki mai aski kullum, kin ji?"

"Na ji."

Mai aski ya riƙe baki. Injiniya ya koma aski a maƙwabta.

A faɗi gaskiya yadda take: bai koya mata ji ba, ƙarya ya koya mata, ita kuma ba ta san ƙarya ce ba. A wurinta, waɗannan kalmomi biyu wani abu ne da ake yi wa babba ya yi murmushi ya rabu da kai.

Wadda ta koya mata abu na gaske wata malama ce a makarantar gwamnati ta unguwar. A ƙarshen barandar makarantar akwai wani ɗan ɗaki da a da sito ne na karyayyun kujeru. Silin ɗinsa ya zube a gefe guda, in ana ruwa sai an jera bokitai. A nan malamar ke koyar da yaran da ba sa ji, 'yan kaɗan, ba su cika benci uku ba. 'Yan makaranta suna kiranta Malama Mai Hannu, don da hannu take koyarwa. Ta jera bencinan kamar rabin da'ira don kowa ya ga fuskar kowa, ba ta taɓa juya wa yaro baya tana magana ba. A ɗakin nan Auta ta gane cewa kowane abu yana da suna. Ta dawo gida wata rana ta kama hannun uwarta tana nuna mata alamar ruwa, alamar wuta, alamar uwa. Uwar ta riƙa bin ta makaranta tana koyon abin da ta iya. Ba a jima ba suka fara hira a tsakar gida, hannu yana tashi, dariya tana tashi, har da gulma. Auta ta fara haɗa baƙi, ta rubuta sunan kyanwar gidan a bangon kicin da gawayi.

Injiniya yana gani, yana jin daɗi a ransa, amma bai koyi alama ko ɗaya ba. "Hannuna na aiki ne," in ji shi, "ba na wasan kurame ba." Kuma ya hana a yi mata magana da hannu a ƙofar shago.

Ana nan sai sabon tsari ya sauko daga ma'aikatar ilimi. Za a raba malamai bisa yawan yara. Ajin masu buƙata ta musamman ba zai ci gaba da riƙe malaminsa ba sai yaran cikinsa sun kai wani adadi, kuma sai sufeto ya zo ya tabbatar kowane yaro ba zai iya zama a aji na gama-gari ba. Ajin da ya tsallake, za a bar masa malaminsa, har a ba shi tallafin gyaran ɗaki. Wanda bai kai ba, a rufe shi, a zuba yaran cikin sauran azuzuwa, a tura malamin inda ake da giɓi. Waɗanda suka rubuta tsarin nan ba azzalumai ba ne. Mutane ne da ke zaune nesa, suna raba abin da bai isa ba. Amma yaro ba ya karatu da kyakkyawar niyyar wanda bai taɓa ganinsa ba.

Ajin Malama Mai Hannu a kan gaɓa yake. In aka cire yaro ɗaya, ya rushe.

Ita da kanta ta zo shagon Injiniya da rana tsaka, ta tsaya a bakin ƙofa, fanka uku suna juyawa a kan tebur ana gwada su.

"Baban Auta, wurinka na zo takanas. Sufeto zai zo, kuma an ce uban kowane yaro ya halarta. Abu ɗaya nake roƙonka. In ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya."

"Ni maƙaryaci ne, Malama?"

"Ban ce ba. Amma ka ce masa kurma ce. Da bakinka. Kada ka ce nauyin kunne."

Injiniya ya ajiye sukudireba a hankali. "Malama, ina ganin girmanki. 'Yata tana amsa magana. Kowa a layin nan shaida ne."

"Tana amsa abu ɗaya, wanda ka koya mata. Ni ma na sha fama da shi a aji. In na tambaye ta ko ta gane, sai ta ce ta ji, alhali ba ta gane komai ba. Da ƙyar na raba ta da shi a ɗakina. Amma in ta ga baƙon namiji yana motsa baki, komawa take yi."

"To laifi ne yarinya ta yi ladabi?"

"Ba ladabi ake zuwa dubawa ba, Baban Auta. In suka ce tana ji, an rufe ajin. Ba ita kaɗai ba, duka yaran."

"Allah ya kai mu," in ji Injiniya, ya ƙara wa fanka gudu.

A gida matarsa ta sake tayar da maganar tana ninke kaya. "Malam, kalma ce fa kawai. Ka faɗe ta, ba za ta ƙona maka harshe ba."

"Ke ma kin koma makarantar tata?"

"Na koma. A can na san 'yata tana tsoron tsawa, duk da ba ta jin ta, don tana jin ta a ƙirji. Kai ka san haka? Shekara nawa kana zaune da ita?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutum irin Injiniya, in aka gaya masa gaskiyar da ba shi da amsarta, fita yake yi.

Sufeto ya zo a makare, gab da tashin makaranta. Dattijo ne mai furfura, rigarsa ta jiƙe da gumi, makarantu da yawa ya zaga tun safe kuma akwai saura. Na'urar gwada ji da ya kamata ya zo da ita ta lalace tun bara, ba a gyara ba. Aka shigar da shi ofishin hedimasta, aka jera iyaye a benci jikin bango, mata a gefe, maza a gefe. Injiniya ya sa kayansa mafi kyau. Cikin iyayen akwai mutane biyu da ke kawo masa gyara.

Aka riƙa shigo da yaran ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya yi wa kowane magana, yaro ya kalle shi shiru, ko ya juya wurin Malama yana neman hannunta. Uba ya sunkuyar da kai ya ce, "Kurma ne, ranka ya daɗe." Sufeto ya ce, "Allah sarki," ya yi rubutu. Duk lokacin da ya faɗi haka, Injiniya yana jin kamar an ɗiga masa dalma a fata.

Aka shigo da Auta. Ta tsaya gaban teburin, ta dafa shi da tafin hannu ɗaya, tana kallon bakin dattijon. Ya yi mata murmushi irin na kaka.

"'Yan mata, kada ki ji tsoro, magana kawai za mu yi, kin ji?"

Auta ta gyaɗa kai. "Na ji."

Sufeto ya ɗaga gira. Ya cire tabarau. Ya rage murya sosai, kamar mai raɗa. "A hankali nake magana yanzu. Kin ji?"

"Na ji."

Malama ta matso. "Ranka ya daɗe, bakinka take kallo. Kalmar nan kaɗai ta sani, haddace ta aka sa ta yi. Ka tambaye ta sunanta, ka gani."

"Yara da yawa ba sa faɗin sunansu gaban baƙo, Malama. Kunya ce." Ya juya wurin benci. "Wane ne mahaifinta?"

Injiniya ya miƙe. Duk idanu suka dawo kansa. Matarsa tana kallonsa daga gefen mata, Malama tana kallonsa, mutanen nan biyu masu kawo gyara suna kallonsa. Kalmar tana bakinsa, gajeriya ce, ba ta kai tsawon tari ba.

"Malam, yarinyar nan tana ji ko ba ta ji?"

"Ai ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Ɗan nauyin kunne ne. Yana sauƙi."

"Baban Auta!" in ji Malama.

Sufeto ya ɗaga mata hannu. Mutum ne mai son ya yi adalci, don haka ya ce zai ƙara gwaji ɗaya. Ya sa hedimasta ya ja hankalin yarinyar wajen taga. Da ta juya, sai ya ɗauki tarin makullan ofis ya sake su a kan tebur. Auta ta zabura ta waiwayo.

"To, kun gani."

"Hannunta yana kan teburin," in ji Malama. "Da hannunta ta ji, ba da kunne ba. Ka sa ta ɗauke hannun ka sake."

"Malama, ji ai ji ne." Ya mayar da tabarau. "Uba ya ce tana ji, yarinya ta ce ta ji, ni na gani da idona. Ke kaɗai kika ce a'a, kuma ke ce kujerarki ke rawa. Ban zarge ki ba, amma ki duba yadda abin yake a wurina." Direbansa ya danna hon a waje. Sufeto ya yi rubutu, ya tashi.

Malama ta durƙusa gaban Auta ta gyara mata wuyan riga. Yarinyar tana murmushi, tana neman idon ubanta, don ta san ta yi abin da yake so, sau biyu, ba kuskure.

Kafin hutu takarda ta zo. Aka rufe ajin. Aka tura Malama wata makaranta mai nisa ta koyar da lissafi ga yara masu ji. Tallafin gyaran ɗaki bai zo ba tunda babu aji, karyayyun kujeru suka koma mazauninsu, ruwan sama ya ci gaba da zuba a kansu ba mai jera bokiti. Iyayen sauran yaran suka gwada ajin gama-gari na ɗan lokaci, sannan ɗaya bayan ɗaya suka janye 'ya'yansu. Ɗaya ya koma wankin mota tare da yayansa. Ɗaya tana gida tana rainon ƙanne. Uban wani daga cikinsu ya zo shago ya karɓi rediyonsa ba a gama gyara ba, bai yi sallama ba, bai yi zagi ba. Injiniya ya so a ce ya zage shi.

A gida matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Tana ba shi abinci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Hirar tsakar gida ta ragu, don alamomin da uwar ta sani sun ƙare, babu mai ƙara musu sababbi. Auta tana girma, abin da take son faɗa yana girma, hannayen uwarta sun tsaya inda Malama ta bar su. Sai yarinyar ta fara fushi, ta fara jifa da kwano. Sunan kyanwa da ke bangon kicin ya dushe, ba a rubuta wani a kusa da shi ba.

Wata safiya Injiniya ya rufe shago ya tafi makarantar, bai gaya wa kowa ba. Ya tsaya jikin tagar sabon ajin Auta. Yara sun cika ɗakin har bakin allo, wasu a ƙasa, wasu uku a kujerar mutum biyu. Malamin saurayi ne mai ƙoƙari, ya juya baya yana rubutu yana bayani da ƙarfi, alli yana zuba a takalminsa. Auta tana can baya jikin bango, don doguwa ce, an ce dogaye su koma baya. Littafinta a buɗe, shafin fari fat. Tana kallon ƙeyar malamin.

Malamin ya juyo. "Kun ji?"

"Mun ji!" ajin ya amsa, har taga ta girgiza.

Auta ta ga bakuna sun buɗe. Ta gyaɗa kai, ita ma ta motsa nata, a makare, ita kaɗai.

Daga nan Injiniya bai koma shago ba, ofishin ilimi ya nufa. Ya zauna a benci har aka kira shi gaban wani ma'aikaci mai fara'a, wanda fankar ofishinsa ke ƙara irin ta wadda ta daɗe ba a sa mata mai ba.

"Na zo ne a kan 'yata. An yi kuskure. Ni na yi kuskuren." Ya cire hularsa. "Kurma ce. Ba ta ji ko kaɗan. Kurma ce tun tana ƙarama."

Ya faɗe ta, har sau biyu, rufin bai faɗo ba.

"Allah sarki," in ji ma'aikacin. "To, Baba, sai dai in an sake zagayen tantancewa, kuma ban san yaushe ba. Amma in gaya maka gaskiya don kada ka yi ta wahalar zuwa, ko an tabbatar da ita, ita kaɗai ba ta isa a buɗe aji ba. Sauran yaran suna ina?"

"Sun watse."

"To ka gani. Gurbin malamar ma an riga an mayar da shi wani wuri. Akwai makarantar kurame ta kwana, amma tana da nisa sosai, kuma a cike take, masu jira sun fi na ciki yawa. Ka yi haƙuri, ka ji?"

Injiniya ya dube shi. Ya tashi ya fita.

Da aka tashi daga makaranta Auta ta biyo ta shago kamar kullum, ta ajiye jaka, ta hau bencin nan da ya koya mata kalmominta biyu a kansa. Mai aski ya leƙo zai yi wasa, ya ga fuskar Injiniya, ya koma. Injiniya ya kashe rediyon da yake gwadawa, ya jawo kujera ya zauna gabanta, gwiwa da gwiwa. Ya ɗaga hannayensa, manyan hannaye masu tabon ƙuna, yana son ya yi mata wata alama. Ya sha ganin uwarta tana yi, amma bai taɓa tsayawa ya kalla da kyau ba. Yatsunsa suka tsaya a iska ba su san inda za su ba. Auta ta kalle su, ta jira, sannan ta kalli titi.

Ya taɓa haɓarta ya juyo da fuskarta. Ba shi da wata hanya sai baki, don haka ya yi da baki, a hankali, yana buɗe kowace kalma.

"Auta, abin da na koya miki ba daidai ba ne. Ni na ɓata miki. Daga yau, in ba ki ji ba, kada ki ce kin ji. Ko malam ne, ko baƙo ne, ko ni ne. Ki yi shiru, ko ki girgiza kai. Kada ki ƙara faɗa, kin ji?"

Kalmar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta. Auta ta ga leɓen ya buɗe yadda ta sani. Duk dogon zancen nan, nan ne kaɗai wurin da ta gane. Ta gyara zama, ta gyaɗa kai, ta ba ubanta abin da ya fi so, tsaf, ba gargada.

"Na ji."